Ranar Godiyar Malachy

Malachy mijin ƙanwata Yemima ne, kuma gara in faɗa tun yanzu, a shekara ashirin da wani abu da na san shi ban taɓa zama da shi na rabin awa ba tare da raina ya ɓaci ba. Ba mashayi ba ne, ba ya bin mata, bai taɓa ɗaga wa ƙanwata hannu ba. Da ɗaya daga cikin waɗannan ne halinsa, da na san yadda zan yi da shi. Laifinsa shi ne ba ya addu'a, kuma in ka tambaye shi dalili sai ya ba ka amsa yana sosa gemu, hankali kwance, kamar ƙarfe nawa ka tambaye shi. Ni kuwa dattijo ne a ikilisiyarmu ta nan Greensboro, a Amurka. Sunana Desmond, kuma tun muna gida an san ni da saurin hannu.

Ba haka ya taso ba. A ƙauyensu da ke kudancin Kaduna mahaifinsa ne mai koyar da addini a coci, shi kuma Malachy shi ke jan waƙa. Muryar nan ce ma ta sace Yemima, don in ka cire ta ban ga abin kallo a jikinsa ba, gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannuwa duk kanta. Ni na ba da ita da hannuna a madadin mahaifinmu da ya rasu, har da rawa na yi.

Shekara biyu da auren, Yemima na wajen mahaifiyarmu a Kaduna tana wankan jego bayan haihuwar Serah, rikici ya shiga ƙauyen. Safiyar Lahadi ce. Iska ta karya wani reshen ɗorawa ya rataya a kan rufin ɗakin mahaifiyarsa, sai ya ce bari ya hau ya ƙarasa sare shi kafin ya bi iyayensa sujada. Yana can sama da adda a hannu ya hango mutane sun fito daga cikin dawa, wasu da adduna, wasu da jarkokin fetur. Suka tokare ƙofar cocin da benci daga waje, suka watsa fetur, suka cinna wuta. Waɗanda suka fasa taga suka leƙo, a nan kan tagar aka sare su. Ya ce min, sau ɗaya tak da ya taɓa ba ni labarin, na ciki ba ihu suka fara yi ba, addu'a suka fara, da ƙarfi, baki ɗaya, kuma ya gane muryar mahaifiyarsa a ciki. Ya rungume reshe ya yi fitsari a wando. Sai bayan azahar ya sauko. Ubansa, uwarsa, ƙannensa mata biyu, da wasu mutum arba'in da ɗaya, duk an kwashe su ne a cikin buhunan taki.

Masu zuwa gaisuwa suka riƙa kama hannunsa suna cewa, “Allah ya tsare ka, Malachy. Ubangiji ne ya hau da kai itacen nan. Yana da shiri a kanka.” Ya yi ta jin haka kwana uku. A rana ta huɗu wata tsohuwa ta maimaita, sai ya tambaye ta, su kuma na cikin cocin da suke kiran sunansa har wuta ta ci harshensu, wane shiri yake da shi a kansu? Tsohuwar ta saki hannunsa. Tun daga ranar bai sake jan waƙa ba, bai sake durƙusawa ba.

Ni na riga su zuwa Amurka, ina tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito da ke kan titin Wendover. Da takardarsu ta fito suka biyo ni, na ce a raina canjin wuri zai warkar da shi. Ina! Ya samu aiki da masu sare itatuwa, daga baya ya sayi tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya da injin zarto biyu ya tsaya da ƙafarsa. Suka kama gida a Pleasant Garden, inda kowane gida yake zaune cikin fili da manyan itatuwa, kuma duk lokacin da guguwa ta wuce wayarsa ba ta hutawa. Mutumin da ya kamata ya tsani itace har abada, shi ne ya ƙare yana kwana yana tashi a kansu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba za ka iya kiran sa marar Allah ka huta ba. Na taɓa gwadawa. Ya kama ni a hannu ya kai ni bayan gida inda yake tara gumagumai, ya nuna min zoben da ke cikin wani kututture, layi bayan layi. “Yaya Desmond, duba nan. Kowace shekara layi ɗaya, ba ya ƙari, ba ya ragi. Shekarar fari siriri, shekarar ruwa mai kauri. Ruwa yana hawa daga saiwa har ƙololuwa ba famfo ba inji. Wanda ya tsara wannan ba abokin wasan kowa ba ne. Akwai shi. Amma ya gama aikinsa, ya ɗora komai a kan ƙa'ida, ya janye hannu. Ba ya ture itace don wani, ba ya tare wuta don wani.” Na ce Littafi Mai Tsarki fa? Ya ce mutane ne suka rubuta, wasunsu masu hankali. Na ce Yesu fa? Ya ce mutumin kirki ne da aka kashe, kuma ranar ma ba wanda ya sauko ya hana. Na ɗaga hannu a ranar, Yemima ce ta shiga tsakani da ludayi a hannunta.

Sai Allah ya haɗa shi da daidai shi a cikin gidansa. Serah ta girma, ta shiga jami'a, ta dawo hutun Kirsimeti muna zaune ana cin tuwon shinkafa da miyar taushe, mahaifiyarta ta ce ta sa albarka a abinci. Yarinyar nan ta ajiye cokali ta ce ita ta daina, babu wani Allah, babu kowa a sama. Yemima ta dafe ƙirji. Ni kuwa na juya ina kallon Malachy, ina jira in ga ya yi murna da amfanin gonarsa.

“Me kika ce?” in ji shi.

“Daddy, kai ma ai haka ne. Abin da kake yi yana da suna, deism ake ce masa, wai akwai mahalicci amma ba ruwansa da mu. It's the same thing. Allahn da ba ya ji, ba ya amsawa, ba ya zuwa, mene ne bambancinsa da babu? Ni na ƙarasa tafiyar ne kawai, kai ka tsaya a rabin hanya.”

Kwanon miya ya ɗauka ya maka a bango. Kabewa da alayyafo suka gangaro har kan hoton aurensu. Ya miƙe yana nuna ta da yatsa, yana cewa ita wa ya yi ta, wa ya yi idon da take harararsa da shi, ko a kantin Wendover aka sayo ta? Ta ce masa tsoro ne kawai ya hana shi sakin igiyar ƙarshe. Ya ce ta fita masa daga gida, ta kuwa fita da jakarta ko takalmi ba ta ɗaure ba. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi a ranar. Na zauna na ƙarasa tuwona ina kallon ɓatattu biyu suna faɗa a kan wanda ya fi ɓata daidai.

Mutum ɗaya ne na san Malachy yana zama da shi lafiya, abokin aikinsa Zabeirou, Musulmi ɗan Maraɗi, dogo siriri mai yawan dariya. Shi ke riƙe igiya a ƙasa, Malachy na yanka. Idan lokacin salla ya yi Malachy zai kashe inji ya zauna a bayan mota ya jira shi, ko da mai gida na tsaye yana duba agogo. Zabeirou kuma ya sa masa suna Malam Babu-Ruwansa, yana ce masa, “Kai dai ka yi ta yanka, ni zan yi mana addu'ar mu biyu, ba sai ka biya ni ba.” Shekara tara suna tare.

Malachy yana da ƙa'ida a aikinsa wadda ba ya tsallakewa. Kafin ya sa wa itace zarto sai ya zagaya shi yana ƙwanƙwasa gindin da ƙeyar gatari, kunnensa a jiki. Itace mai lafiya yana amsawa da nauyi, wanda cikinsa ya ruɓe kuwa sai ya yi ƙara kamar ganga. Mai ruɓaɓɓen ciki ba a kayar da shi daga gindi, hawa ake yi a sauke shi gunduwa-gunduwa. A watan Maris na bara aka kira su wani gida a can Pleasant Garden, wani ƙaton itace ya karkata wajen garejin mota. Hadari ya haɗu, mai gidan na ta gaggauta su, gatarin kuma yana can ƙasan kaya a mota. Malachy ya dubi itacen, ganyensa shar, ya ce wannan lafiyarsa ƙalau. Bai ƙwanƙwasa ba.

Ya yanka baki ta gefen da yake so ya faɗi, ya zagaya baya ya sa zarto. Bai kai rabi ba gindin ya tsage daga ƙasa zuwa sama da ƙara kamar harbin bindiga. Rabin gindin ya yi tsalle baya ya daki cinyar Malachy ya karya ta gida biyu, ƙashi ya huda wando ya fito. Sauran itacen ya juya a iska ya bar hanyar da aka tsara masa, ya bi igiya. Zabeirou ya saki igiyar ya juya zai gudu, taku biyu ya yi. Gangar itacen ta same shi a baya ta danne shi da ƙasa. Malachy ya ja jiki a kan ciyawa da ƙafa tana lilo, ya kai wurinsa, ya tarar jini na fita ta baki da hanci da kunne, idonsa buɗe, yatsunsa na tona ƙasa. Ya riƙe hannun har ya daina motsi.

A asibiti aka shiga da Malachy ɗakin tiyata, jininsa ya zuba da yawa, likita ya ce mu shirya wa kowane irin labari. A nan cikin ɗakin jira, gaban Turawa da kowa, Yemima ta zube a kan gwiwa ta ɗaga hannu ta yi wa'adi da ƙarfi. Ta ce, “Ya Ubangiji, in ka dawo min da Baban Serah, zan kawo shi gaban bagadenka da ƙafarsa, ya buɗe baki ya shaida cewa kai ka cece shi.” Na ce amin, matan zumuntar cocinmu da suka zo tare da mu suka ce amin. A wurinmu wa'adi ba abin wasa ba ne. Wanda ya yi wa Allah alkawari aka biya masa bukata, to ranar godiya sai ya cika, dangi su yi anko, a shigo da rawa daga ƙofa har gaban bagade, wanda aka ceta ya karɓi makirufo ya ba da shaida. In ba a cika ba, mun taso da sanin cewa abin da aka bayar ana iya karɓe shi.

Malachy ya tashi. Aka sa masa ƙarfe a cinya, aka ɗora shi a kan maganin tsinka jini don kada jinin ya daskare a jijiya, aka sallame shi da sanduna biyu. Da Yemima ta gaya masa wa'adin da ta yi, ya juya fuska bango.

“Maman Serah, da bakinki kika yi, ba da nawa ba.”

“Kai aka ceta.”

“Ba wanda ya cece ni. Ina tsaye hagu, Zabeirou na tsaye dama. In na ce Allah ne ya kauda itacen daga kaina, to na ce shi ya ɗora shi a kan Zabeirou. Mutumin da ya yi salla awa ɗaya kafin nan! Ban ƙwanƙwasa ba, shi ke nan abin da ya faru.”

Wata biyar ana wannan. Ƙanwata ta rame, ta daina barci, ko tari ya yi sai ta zabura ta taɓa goshinsa, tana ganin an zo karɓa. Ta riga ta sa an aiko da atamfa daga Kaduna, shuɗiya mai zanen tantabaru, an ɗinka wa kowa, tana ninke a cikin akwati. Serah, da ta dawo gida jinyar ubanta suka shirya ba tare da kowa ya ba wani haƙuri ba, ta ce ita ko a mafarki ba za ta sa ankon ba, kuma a bar mata uba ya huta. Ni na gaji. Wata Asabar da rana na je gidan na same shi a baranda, ƙafa a kan kujera, na tsaya a kansa na ce, “Baban Serah, ba roƙonka na zo yi ba. Kalli matarka. In ta mutu da wannan tsoron, kai ka kashe ta, kuma wallahi sai na karya ɗaya ƙafar.” Ya daɗe yana kallon ta ta taga tana wanke kwanon da ta riga ta wanke. Sannan ya ce, “To, Yaya. Zan je, zan tsaya, zan yi magana.” Na koma gida ina yabon kaina, ban tsaya na tambaye shi wace magana ba.

Cocinmu tsohon kanti ne da muke haya a bayan Wendover, an yi bagade da katako mai matakala uku, gefensu an bi shi da ƙarfe. Ranar godiya aka cika maƙil. Kuma da yake al'adarmu ce a gayyaci duk wanda abin ya shafa, har maƙwabta Musulmi, don a ci shinkafa tare bayan sujada, matan zumunta suka je har gida suka gayyato Ousseina, matar Zabeirou, wadda ba ta daɗe da fita takaba ba. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin me za ta zauna ta ji. Ta zo don kunya, da farin mayafi, aka ba ta kujera a layi na biyu.

Aka buga ganga, muka shigo da rawa cikin shuɗin anko, Malachy a tsakiya yana dogara sanduna, Yemima na gefensa tana kuka tana dariya. Na taimaka masa ya hau matakala ukun da hannuna. Fasto ya yi Haleluya sau uku ya miƙa masa makirufo. Yemima ta durƙusa a ƙasan bagade ta kifa goshinta a kan kafet, ta lulluɓe kanta da gyale, tana jiran kalmar da za ta sauke mata kaya.

Malachy ya jingina sanda ɗaya a jikin mumbari. Ya ce yana gode wa likitocin da suka ɗinke shi, da matarsa da ta yi wata biyar tana ɗaukar fitsarinsa, da waɗanda suka kawo abinci. Jama'a suka ce amin, suna jiran babban. Sai ya juya wajen layi na biyu.

“Maman yara, Ousseina. Kowa ya ce miki kwana ne ya ƙare. Ni ina wurin. Itacen ruɓaɓɓe ne a ciki, kuma aikina ne in ƙwanƙwasa in ji, ban yi ba, don ina sauri kuma na ji ƙyuyar ɗauko gatari. Ni na kashe miki miji. Allah bai zaɓe ni ya bar shi ba. Da yana zaɓe, da Zabeirou zai ɗauka, ya fi ni komai. An ce in tsaya a nan in ce an cece ni. Ba zan iya faɗin haka a gabanki ba, kamar yadda ban iya faɗa ba ranar da uwata ta ƙone tana kiran...”

Wurin ya kaure. Wani ya yi ihu a kashe makirufo, wata ta fara ƙaryata Shaiɗan da ƙarfi, mai ganga ya hau duka don ya rufe muryar. Ni ina tsaye a bayansa, taku ɗaya. Na hango gyalen ƙanwata a ƙasa yana rawa, na ji jini ya hau min kai. Na kama makirufon, ya riƙe, na fizga, bai saki ba. Yana kallona, ba fushi a idonsa, wannan kallon nasa na mai sosa gemu. Na saki makirufon na sa tafin hannuna biyu a ƙirjinsa na hankaɗa shi da duk ƙarfina.

Mutum mai ƙafa ɗaya da rabi ne. Ya tafi da baya, sandar ta yi sama, ƙeyarsa ta sauka a kan ƙarfen matakala ta ƙasa. Na ji ƙarar duk da gangar. Ya kwanta ido a buɗe, makirufo na hannunsa har yanzu, jini ya fara bin kafet a hankali yana shiga ƙarƙashin gwiwar Yemima. Sai da ɗumin ya taɓa ta ta ɗago kai. Ba ta ga komai ba sai mijinta a ƙasa.

Kafin motar asibiti ta iso, magana ta riga ta zama ɗaya a bakin kowa, ba tare da an yi shawara ba. Sanda ce ta zame. Haka aka gaya wa masu motar, haka aka gaya wa ɗan sandan da ya zo ya rubuta, haka aka gaya wa Serah a waya. Mu baƙi ne a ƙasar mutane, ba ma kai namu hannun hukuma, kuma ni dattijo ne. Wani ma har ya kama kafaɗata ya ce in je in wanke fuska. Maganin tsinka jinin nan ya sa jinin da ke zuba cikin kansa ya ƙi tsayawa. Ya yi kwana uku bai farfaɗo ba, ranar Laraba da hantsi ya cika.

A zaman makoki na ji abin da bai taɓa damuna ba sai ranar. Mutane suna shigowa suna zama kusa da Yemima suna cewa Allah ba a yi masa ba'a, ya tsaya a gaban bagade ya yi saɓo, hannun Ubangiji ya sauko nan take. Waɗanda suka ga abin da idonsu su ne suka fi faɗa da ƙarfi. Wani dattijon coci irina ya ja ni gefe ya ce, “Kada ka sa wa ranka damuwa, Desmond. Ko da hannunka ya taɓa shi, kai kayan aiki ne kawai. Ubangiji ne ya yi.” Na so in karɓa. Wallahi na so, na kwana biyu ina gwada maganar a bakina.

Ousseina ta zo gaisuwa rana ta uku. Ta zauna da matan, da za ta tafi ta tsaya kusa da ni a bakin ƙofa tana gyara mayafi. Ba ta kalle ni ba. Ta ce, “Tun ranar da aka kira ni lopital, can asibiti, kowa haƙuri yake ba ni. Shi kaɗai ya gaya min yadda mijina ya mutu. Na yafe masa tun a wurin, ban samu na faɗa masa ba.” Ta sa takalmi. Sannan ta ƙara da cewa, “Layi na biyu nake, Baba. Ba abin da ya tare min.” Ta tafi abinta, kuma har yau ban ji ta gaya wa kowa ba.

Bayan an binne shi Yemima ta daina cin abinci. Serah ta kira ni ta ce, “Kawu, please ka zo, Mommy tana cewa ita ta kashe shi.” Na je da yamma, rana ba ta faɗi ba. Na same ta a bayan gida zaune a kan kututturen nan mai zobe, shuɗiyar rigar ankon Malachy a cinyarta, wadda ya faɗi a cikinta, an wanke amma tabon bai fita ba. Ta zama ƙashi da fata.

“Yaya, ni ce,” ta ce. “Ni na yi wa'adi da bakin da ba nawa ba. Na san halinsa, na ja shi gaban bagade. Da na bar shi a gida da Ubangiji bai buge shi ba. Allah ya ba ni shi, na kasa cikawa, ya karɓe abinsa.”

Na tsaya a gabanta. Ina iya barin ta a haka, kowa ya bar ta a haka. Har yau ina addu'a safe da yamma, ban koma addinin Malachy ba, in ma addini ne, kuma ban san abin da Allah yake sa wa hannu da abin da yake bari ba. Amma wannan guda ɗayan na sani, don har lokacin ina jin maɓallin rigarsa a tafin hannuna.

“Yemima, sanda ba ta zame ba. Ba wa'adinki ba ne. Ni na hankaɗa shi, da hannu biyu, don raina ya ɓaci.”

Ta ɗago ta dube ni. Ta dubi hannuwana. Na ga ta gane, na kuma ga ta ƙi. Ni na goya ta tana ƙarama, ni na kai ta makaranta, ni na ba da ita aure, ba ta da wani ɗan'uwa a wannan ƙasa sai ni. Ta saki rigar ta kama wuyan hannuna da yatsunta masu sanyi, ta matse har farcenta ya shiga.

“A'a. Yaya, ka ce Allah ne. Don girman Allah ka ce shi ne ya yi. In Allah ne zan iya ɗauka.”

Na faɗi wannan kalmar a gidajen makoki sun fi ɗari, a nan da can gida, ban taɓa yin tuntuɓe a kanta ba. Na buɗe baki in ba ta, ta ƙi fitowa. Serah na tsaye a ƙofar kicin da kofin shayi a hannu, ta ji komai. Na zare hannuna daga na ƙanwata a hankali, yatsa bayan yatsa, na ce wa yarinyar ta ajiye kofin ta ɗauko makullin mota, ita za ta kai ni cikin gari wurin 'yan sanda, don hannuwana ba za su iya riƙe sitiyari ba.